An ce ina da tunjere a wajen awo, kuma mu biyu ne a gidan miji. Ta ina zan fara?

Maman Biyu, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun da abin nan ya faru ban samu barcin kirki ba kuma babu wanda zan iya kallon idonsa in faɗa masa. Ina da ciki wata 5, na uku kenan. Da na je awo aka ɗebi jini a yatsa kamar yadda aka saba, ungozomar ta ɗiga a kan wani ɗan farin roba mai layuka, muka ɗan jira, sai ta ja labule ta rage murya ta ce min na HIV babu komai alhamdulillah, amma ɗaya layin ya fito, wai sifilis. Na ce meye kuma sifilis, sai wata nas Bahausa da ke wurin ta ce tunjere. Wallahi ni sunan nan a bakin tsofaffi kawai na taɓa jinsa, na ɗauka ciwon mutanen da ne.

An yi min allura a ɗuwawu mai zafin gaske, suka ce in dawo sati mai zuwa da na bayansa, kuma lallai in zo da maigida. To nan ne matsalar take. Ni dai Allah shi ne shaida ban san wani namiji ba sai mijina, shi direban babbar mota ne yana ɗaukar kaya daga Tema zuwa Wagadugu wani lokaci sai ya yi sati uku ba ya gida, sannan ina da abokiyar zama wadda ta shigo shekara 2 da suka wuce, ta taɓa aure kafin shi. Ba na son in zargi kowa amma kun san zuciya ba ta da ƙashi. Kuma abin da ya fi ɗaure min kai ni lafiyata ƙalau, babu ƙurji babu ƙaiƙayi babu komai, kullum ina kasuwar Kejetia a nan Kumasi ina saida atamfata.

Shin tunjeren nan shi ne yake komawa ƙanjamau in ya daɗe? Zai taɓa abin da ke cikina? Tunda an ce na HIV babu, shikenan na tsira ko akwai sauran magana? Kuma ta yaya zan faɗawa maigida ba tare da gidan ya kama da wuta ba, ita kuma abokiyar zamana dole ne sai ta sani?

Hajiya Tafo

Sannu 'yata, Allah ya raba lafiya. Ni a ganina kar ki ɗaga hankalinki, sanyi ne, mu matan Zango wace ce ba ta fama da shi, da bayan gidan haya da na kasuwa da ake bin layi ai dole a kwasa. Ki samu bagaruwa ki dafa ki riƙa zama a ciki safe da yamma. Maganar maigida kuwa ni ban ba ki shawarar ki ɗaga ba, namiji in ya ji irin wannan ke zai juyawa, na ga auren da ya mutu a kan abin da bai kai wannan ba. Ki karɓi allurarki ki yi shiru ki rufawa kanki asiri.

Anti Ungozoma, Asawase

Wa alaikumus salam Maman Biyu. Aikina kenan, awon masu ciki, kuma irin labarinki ba baƙo ba ne a wurinmu, don haka ki nutsu ki karanta. Hajiya Allah ya ƙara girma, na san tausayi ne ya sa kika faɗi haka kuma tsoron da kike ji a kan auren gaskiya ne, amma a nan sai dai ki yi haƙuri zan saɓa miki, don akwai ran jariri a ciki.

Tunjere ba ya komawa ƙanjamau ko shekara nawa ya yi a jiki. Cuta biyu ne daban. Shi tunjere bakteriya ce ke kawo shi kuma penisilin na kashe ta tas, ana warkewa. HIV kuwa bairos ce, ita har yau ba a samu maganin da zai fitar da ita gaba ɗaya ba sai dai wanda zai danne ta. Inda suka haɗu shi ne hanyar kamuwa ɗaya ce, sannan gyambon da tunjere ke yi a gaba yana buɗewa HIV ƙofa idan an sadu da mai ita. Shi ya sa ake gwada su tare.

Maganar ba kya jin komai, ai haka ciwon yake. Kamar sati 3 bayan an kamu sai wani ɗan gyambo ya fito wanda ba ya zafi sam, ga mace sau da yawa can ciki yake ba za ta ma gan shi ba, ya yi 'yan makonni ya bushe da kansa. Bayan nan wasu sai ƙuraje su feso musu har tafin hannu da tafin ƙafa, galibi ba sa ƙaiƙayi, a ce zafi ne ko an ci wani abu, su ma su baje. Daga nan sai ya kwanta shiru a cikin jini shekara da shekaru, mutum na cin abincinsa yana harkarsa, in ba a yi magani ba can gaba ne yake iya taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa da ido.

Kuma ba a ɗaukarsa a bayan gida, ƙwayar ba ta rayuwa a waje. Mu mata komai ya same mu a ƙasa sai mu ce sanyi, alhali abubuwa ne kala kala. Farin abu mai kauri da ƙaiƙayin nan da yake damun masu ciki yawanci ba ta saduwa ake samunsa ba, ko budurwa tana yi. Amma gonoriya da kilamidiya ta saduwa ne, kuma su ma mace na iya ɗauke da su ba ta sani ba har su toshe mata hanyar ƙwai, a zo ana neman haihuwa ana cewa asiri ne. Bagaruwa ba ta kai wa ga abin da ke cikin jini, kuma mai ciki ma ba mu son tana cusa komai ko yawan zama a ruwan magani.

Yanzu zancen zargi, ki saurare ni da kyau a nan. Gwajin yatsan nan ba ya faɗin yaushe aka kamu kuma ba ya faɗin wa ya ba wa. Abin da yake nunawa kawai jikinki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, kuma ko bayan an warke yawanci haka zai ci gaba da nuna layi har ƙarshen rayuwa. Mai yiwuwa maigidan ya ɗauko tun yana saurayi bai sani ba, mai yiwuwa ta wajen tsohon mijin abokiyar zamanki abin ya biyo ita ma ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Har ma akwai wani ciwon fata na yara a karkarar Ghana, wanda Asantawa ke kira gyato, ƙwayarsa 'yar'uwar ta tunjere ce kuma ba ta saduwa ake ɗauka ba, yara ne ke shafawa juna wajen wasa, wanda ya yi shi yana ƙarami gwajinsa na iya nuna layi yana babba. To kin ga ba a yanke hukunci a kan kowa da wannan ɗan robar. Amma mai ciki ba ma tsayawa jiran a gano, magani muke yi nan take.

Dalili kuwa shi ne jaririn. Ƙwayar tana bi ta mabiya ta shiga jikinsa, tana jawo ɓari, ko a haifi yaro ba rai, ko bakwaini, ko ya zo da ciwon. Allurar da aka yi miki, benzathine penicillin, ita ce ke ratsawa ta warkar da ke da shi gaba ɗaya, kuma ana so a yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa, ke kuwa kina wata 5, kin zo a kan lokaci. Guda 3 aka ce miki sati sati saboda ba a san daɗewarsa a jikinki ba. Dan girman Allah ko ranar ce kasuwa ta fi ci ki rufe shago ki je, don in aka bar tazara mai yawa tsakani a kan sake farowa daga farko. Kar wani mai kemis ya ce miki ga ƙwaya a madadin allurar, ƙwayar da ake ba wasu ba a ba mai ciki.

Maigida da abokiyar zama dole ne a duba su a yi musu magani, in ba haka ba ke ki warke a sake dawo miki da shi cikin bai ma kai haihuwa ba. Kafin kowa ya gama nasa sai a haƙura da kwanciya ko a sa kwaroron roba. Na HIV kuma alhamdulillah da sakamakon, sai dai gwajin yatsa na iya ɗaukar har wata 3 bayan kamuwa kafin ya nuna, shi ya sa za a sake miki a watannin ƙarshe na cikin, kar ki ce ai an riga an yi.

Baban Yara, direba

Salam. Ni namiji ne kuma sana'ata ɗaya da mijinki, hanyar Kumasi zuwa Paga nake bi, bari in sa baki. Maman Biyu kar ki tare shi da maganar ranar da ya dawo daga hanya a gajiye, kuma kar ki yi ta waya, kuma don Allah kar ki bi ta wajen mahaifiyarsa ko 'yan'uwansa, in ya ji maganar daga bakin wani kafin naki to an ɓata. Ki bari ya ci ya huta ranar girkinki sai ki ce masa Alhaji asibiti sun ga wani ciwo a jinina da zai iya cutar da abin da ke cikina, sun fara min allura, sun ce sai an duba ka kai ma don maganin ya yi aiki. Iyakarta kenan. Kar ki ce ina ka kwaso, kar ki kawo sunan amarya. Sauran bayanin ki bar wa ma'aikatan asibiti, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, namiji abin da zai yi wa matarsa gardama a kai in likita ya faɗa sai ka ga ya yi shiru ya miƙa hannu. Ita amaryar kuma shi ya kamata ya kai ta da kansa, ba ke za ki faɗa mata ba.

Kuma gaskiyar magana mu maza mun fi mata tsoron gwaji nesa ba kusa ba. Ku mata ciki yana kai ku asibiti ko kun so ko kun ƙi, mu kuwa sai mutum ya shekara 10 ba a ga jininsa ba. Ku je tashar manyan motoci ku gani, mai magani ya kafa lasifika a kan mota yana cewa kwalba ɗaya tana maganin basir da sanyi da ciwon baya da ƙarfin maza duk a haɗe, mutum yana fitsari yana jin kamar barkono ga mugunya a wando, sai ya saya ya haɗa da kafso biyu uku daga kemis, zafin ya lafa ya ce ya warke ya koma gida wajen iyali. Irin wannan shan maganin rabi da rabi ne ya sa gonoriya yanzu ba ta jin magunguna da yawa da da suke kashe ta, sai an haɗa da allura a asibiti. Ni ina ganin duk mai mata fiye da ɗaya, ko zai ƙara aure, gwajin nan haƙƙin matan ne a kansa, kamar ci da sha.

Wata 'yar'uwa

Ban sa sunan unguwa ba kun san dalili. 'Yar'uwa na karanta rubutunki hawaye ya zo min, don ni ma a wajen awo aka ja min labule, sai dai ni layin HIV ne ya fito. Ina rubuto miki ne saboda na ga kamar tsoron ƙanjamau ne ya fi cin ranki, kuma in an je da maigida ko abokiyar zamanki wani sakamako ya fito daban, kar ki ɗauka duniya ta tashi.

Ƙwaya ɗaya nake sha kullum, bayan sallar isha'i, kuma kyauta nake karɓa a asibitin gwamnati. Ana ɗibar jinina lokaci lokaci a auna yawan ƙwayar cutar, kuma ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta. Wanda ya kai wannan matsayin kuma ya riƙe maganinsa ba ya sa wa abokin kwanciyarsa, mijina har yau ba shi da ita. Yarinyata an ba ta maganin ruwa tun ranar haihuwa, aka gwada ta tana sati 6, na shayar da ita nono zalla wata 6 kamar yadda suka ce, aka sake gwadawa bayan yaye, lafiyarta lau tana makaranta tana Islamiyya. In uwa ba ta shan magani, cikin yara 100 daga 15 har 45 na iya kamuwa, in tana sha yadda ya kamata abin yana sauka ƙasa da 5. Mutane su gane HIV daban AIDS daban, AIDS shi ne in an bar ta ba magani har ta cinye garkuwar jiki tarin fuka da gudawa da rama suka samu wurin shiga.

Mu sama da 300,000 ne a Ghana kuma mata sun fi yawa, muna cikin masallatanku da kasuwanninku da gidajen sunanku. Abin da yake kashe mutanenmu a Zango ba rashin magani ba ne, bakin mutane ne. Na san wadda take tsallake asibitin da ke kusa da ita ta hau mota har wani gari karɓar magani don kar 'yan unguwa su gan ta a layi, ranar da babu kuɗin mota sai ta fasa. Na san wadda aka kai ta wajen addu'a aka ce ta warke ta ajiye ƙwaya, ba ta shekara ba muka yi jana'izarta. A yi addu'a a sha rubutu babu mai hanawa, amma a haɗa da ƙwayar. Kuma ba a ɗauka ta cin tuwo a kwano ɗaya ko buta ko gaisawa ko cizon sauro. Akwai ma doka, ta hukumar yaƙi da AIDS ta Ghana ta 2016, da ta hana a tona sakamakon mutum ba da yardarsa ba ko a kore shi daga aiki saboda shi, wannan ya kamata kowa ya sani.

Hajiya Tafo ki yafe ni, ke uwa ce, amma shirun nan da ake cewa rufin asiri ne na ga inda ya kai mata uku na gida ɗaya.

Ɗan Sabon Zango

Anti Ungozoma dan Allah tambaya, to aski fa da wanzami? In an haihu namiji ne za a kira wanzam ya yi aski da kaciya, ana iya ɗaukar cututtukan nan ta nan?

Maman Biyu, Aboabo

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri, 'yar'uwa Allah ya ƙara miki lafiya ya raya miki yarinyarki. Baban Yara yadda ka ce haka zan yi, ranar Alhamis yake dawowa. Anti abu biyu, daren da aka min allurar na yi zazzaɓi da ciwon kai har na ji tsoro ko jikina ne ba ya son maganin, da safe kuma ya sauka. Sannan yarana biyu na farko fa, su ma sai an gwada su? Na duba littafin awon cikin baya wurin gwajin tunjere ban ga an rubuta komai ba. Ina kuma tunanin kuɗi don maigida katin inshorarsa ya daɗe da mutuwa.

Anti Ungozoma, Asawase

Zazzaɓin da kika yi sananne ne, yana zuwa cikin awa 24 bayan allurar farko lokacin da ƙwayoyin cutar ke mutuwa, kuma yakan wuce da kansa, ba shi ne rashin jituwa da magani ba. Amma ki faɗa musu kafin a yi ta biyu. Wanda ake gudu shi ne kumburin fuska ko leɓe, borin jini ya feso ko numfashi ya yi wuya, ko ki ji mara na ɗaurewa kamar naƙuda, ko motsin yaro ya ragu, wannan ko tsakar dare ne ki tafi asibiti, asibitin Manhyia na kusa da ku, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki babban asibitin Komfo Anokye. Yaran ki je da su a duba tunda babu shaidar an gwada ki a cikinsu, ki ɗauki tsofaffin littattafan ki nuna. Jaririn ma in an haife shi ki tuna musu an yi miki maganin tunjere, su rubuta ranakun alluran 3 a littafinki. Ke awonki da haihuwa suna ƙarƙashin inshorar lafiya kyauta tun tsarin 2008, shi kuma maigida ya sabunta katinsa ta waya kafin ya iso, in bai samu ba kar hakan ya hana ku zuwa, ku tambayi ungozomar nawa ne nasa.

Ɗan Sabon Zango, duk ƙarfen da ya taɓa jinin wani aka sa wa wani ba a dafa ba akwai haɗari, kuma wanda ya fi saurin bi ta nan ma ciwon hanta ne, hepatitis B, ya fi HIV saurin kamawa sosai kuma yana da yawa a cikinmu. Ku sayi sabuwar reza a buɗe ta a gabanku, kaciya kuma ni na fi son a yi a asibiti, in wanzam ne to a ga kayansa da ido. Maman Biyu ke ma ki duba littafinki ko an yi miki na hanta, in ba a yi ba ki nema, don in uwa tana da shi akwai rigakafin da ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, ba a jira na sati 6. Shi kuma maigida tunda zai miƙa hannu a haɗa masa duka ukun a zama ɗaya, tunjere da HIV da na hanta.